Hayar Filin Bahago

Ranar Talata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya ƙafar nan taki, ta bar kumburi? Ni dai ina nan ban mutu ba, ko da yake na san a wajenki duk ɗaya ne. Telan da ke ƙasan benenmu ne ke rubuta mini, tunda ni masaƙa aka tura, ku aka tura makaranta. Na ce masa ya rubuta yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kalmasa.

Shekara ashirin da uku ke nan ina biyan hayar igiya goma sha ɗaya a lambun haya na bayan layin dogo, alhali filina igiya goma ne. Kin sha jin wannan magana, za ki sake ji. Kwamitin lambu da igiya yake auna fili, kowace igiya da kuɗinta a shekara. Ranar da aka yi rabo an kwana ana ruwa, aka fara da nawa igiyar tana jiƙe sharkaf, kuma duk wanda ya taɓa ɗaure kaya ya san jiƙaƙƙiyar igiya jan jikinta take yi. Daga nan masu awo suka tafi cin abinci, suka shanya ta a kan shinge. Da suka dawo kan filin ɗan'uwanmu Bahago, Allah ya jiƙansa, ta bushe ta miƙe. Fili iri ɗaya, ni aka rubuta mini sha ɗaya, shi goma. Shi ne ya riƙe bakin igiyar ranar, ya ji ta a hannunsa. Na ce ya zo ya yi mini shaida, ya ce in bar kaza cikin gashinta, kada a sake awo a ƙara masa. Tun daga ranar ban ƙara yi masa magana ba, ban kuma tsallaka 'yar magudanar da ta raba mu ba, wadda ko akuya mai ciki za ta tsallake. Aikina ma baya nake ba shi in yi.

To yanzu ga sabuwa. An ƙara kuɗin igiya a bana, ƙari na uku a shekara huɗu, ni kuwa ɗan fanshon masaƙa yana nan inda yake kamar an kafa shi da ƙusa. Na je biya, sai sabon magatakarda ya ce in zauna. Ya ce filin Bahago shekara biyu ba a biya masa haya ba, tun rasuwarsa. Na ce to ina ruwana. Ya ce dokar lambu ita ce filin da ya yi damina ɗaya ba a taɓa shi ba, kwamiti ya karɓe ya ba wani, amma wannan fili bai taɓa yin ciyawa ba. Ya ce wanda ya noma shi ke biya, kuma mai gadi ya shaida babu mai bin wannan lungu sai ni. Ko in biya na duka biyun kafin ƙarshen wata, ko in fita daga duka biyun.

Auta, ni na zaci ke kika sa wani yana kula da shi, shi ya sa ban tanka ba. In ke ce, ki faɗa. In ba ke ba ce, katin hayarsa yana hannunki, ke kika kwashe kayansa daga asibiti. Magatakarda ya ce in aka mayar musu da katin, za su share filin su ba wani, ni in huta. Ki sa shi a ambulan ki aiko. Na san kina riƙe da ni don ban zo ba lokacin da yake kwance. Ki ci gaba da riƙewa, amma ki aiko katin. Wannan fili shi kaɗai ne inda nake sa ƙafa a ƙasa. Ɗakina a hawa na uku yake, tagar ma bango take kallo.

Ki gaida maigidanki, ki ce masa har yanzu ina tuna lemar da ya ara.

Yayanki.

Ranar Lahadi

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kowa lafiya, ya kuma sa ba ciwo ne ya hana ki amsa ba. Kwana goma sha biyu, mai kawo wasiƙu har ya fara kauce wa hanyata.

Da na ga shiru na ce bari in kama mai wannan aiki da hannuna. Ranar Alhamis ina bakin ƙofa mai gadi ya buɗe, ni na fara shiga. Na kifa bokiti a tsakiyar albasata na zauna, na fuskanci filin Bahago, abin da ban yi ba tun kina goyon 'yarki ta biyu. Sai na ga abin da shekara biyu na ƙi gani. Tumatir a jere, kowanne ɗaure da sandarsa. Wake ya hau kan karare ya fi tsayina. Ko tsinken ciyawa babu. Kin san yadda yake yin kunya, da hagu yake jefa ƙasa, sai kunyar ta karkata gefe guda kamar hular mashayi. Duk kunyoyin nan haka suke, kuma sababbi ne, ruwan makon jiya bai taɓa su ba. Ƙullin da ke jikin sandunan ma nasa ne, wanda ake kwancewa ta baibai, wanda babanmu ya sha dukansa a kai bai daina ba.

Na zauna har rana ta take. Babu kowa. Ko tsuntsu ba ya sauka a filin, sai ya zo daidai magudana ya juya. Da gwiwata ta ƙage na tashi, na ce tunda na zo bari in yi wa albasata ban ruwa. Ina juya baya, sai na ji fartanya. Ba daga nesa ba, nan bayana, caf, caf, sai a ɗan tsaya, sai caf. Shekara ashirin da ɗaya na yi ina jin wannan sara a bayana, na san shi kamar tarin kaina. Sau biyu yake sara ya ja numfashi, saboda ƙirjinsa. Na waiwaya, shiru, ganyen wake ko motsi. Amma a bakin kunya ta uku ga ƙasa baƙa, ɗanya, an juyo ta yanzun nan, har tana ƙamshi. Na sake juya baya, aka ci gaba. Sau huɗu na gwada. A na biyar ban waiwaya ba, na gama ban ruwana, don ba a yi wanda zai kore ni daga albasata ba, mai rai ko waninsa.

Da zan fita na tsaya wajen tsohuwar ungozomar nan mai kabeji, wadda filinta ke kallon namu ta ƙetaren hanya. Idonta ya yi rauni amma kunnenta ras. Na tambaye ta ko tana ganin wani. Ta ce ita ta ɗauka lebura na ɗauka, don kullum fartanya biyu take ji. Ta ce ai ranar nan da ta wuce ta ce sannunku da aiki, mu biyu muka amsa mata, har ta ce a ranta wannan lebura muryarsa kamar ta gidanku. Na ce mata tsufa ne. Ta ce to, tsufan ne ke ɗaure tumatir.

Na koma ofishin kwamiti, ɗan ɗakin nan na bakin ƙofa mai teburin da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo. Na gaya wa magatakarda duk abin da na gani. Ya bar ni na gama, yana fifita da littafin rasit, sannan ya ce, “Baba, matattu ba sa biyan haya, kuma ba sa cire ciyawa. Dole ɗaya daga ciki ya hau kanka.” Mai gadi yana bakin ƙofa yana dariya ƙasa-ƙasa, amma na lura tun da na fara magana bai yarda mun haɗa ido ba, kuma na san ya daina zagayawa ta lungunmu. Na ce to tunda abin na doka ne, a zo a sake awo, da busasshiyar igiya, a gabana. Ya ce awo da kuɗinsa. Na sayar da rediyona na biya. An sa ranar Laraba.

Tela ya ajiye alƙalami yana cewa in je a yi mini addu'a. Na ce ya ɗauka ya rubuta, ba shawara na zo saya ba. Katin, Auta. Ba na roƙonki komai sai shi.

Ki shafa mini kan jikoki.

Yayanki.

Ranar Alhamis

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, Allah ya ƙara lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, ki yi haƙuri.

Jiya aka yi awo. Mai awo ya zo shi kaɗai, abokin aikinsa ba shi da lafiya. Na karɓi igiyar na murza ta da hannuna, a bushe take ƙamas. Ya ce tunda babu mai riƙe masa, in riƙe baki ɗaya. Daga hanya aka fara, yana ja ina bi, yana kafa turke, har muka kai igiya tara. Ta ƙarshen sai an auno ta daga iyaka, kuma turken iyaka yana ƙetaren magudana, cikin waken Bahago. Ya ce in tsallaka in ɗora bakin igiyar a kansa. Ya juya ya kama tafiya da nasa bakin, yana ƙirga ƙulli, bai waiwaya ba.

Ban tsallaka ba. Na tsaya a bakin magudana, na ce a raina in an ga dama a rubuta igiya ɗari. Na jefa bakin igiyar can cikin waken na naɗe hannuwana.

Auta, rana tsaka ce, ina ganin inuwata a ƙarƙashin ƙafata. Igiyar tana kwance a ƙasa tana jan ciki ta bi mai awo, sai ta tsaya. Sai ta tashi. Ta miƙe sambal daga hannun mai awo har cikin ganyen wake, daidai tsayin ƙugun gajeren mutum, ta ɗan sauka ta zauna a kan turken, ta gefen hagu. Ƙura tana zuba daga jikinta saboda ja. Mai awo ya finciko, aka riƙe. Ya ɗaga murya, baya gare ni, ya ce, “Yawwa Baba, haka nan, ashe da sauran ƙarfinka.” Ya duƙa ya duba ƙulli ya ce goma cif, ko taki ɗaya babu a kai.

Da ya juyo ya gan ni tsaye hannu naɗe, igiyar ta riga ta faɗi. Ya dube ni, ya dubi waken. Ya nannaɗe igiyarsa daga inda yake tsaye, bai matso ba, ya ce na Bahago ba sai an auna ba, a bar shi yadda yake a littafi.

Goma. Shekara ashirin da uku ina faɗa ana ce mini mai taurin kai. Na zaci ranar da na ji wannan kalma zan yi rawa a tsakiyar titi. Magatakarda ya soke sha ɗaya ya rubuta goma, ya ce na baya ya wuce, ya haɗa da goman Bahago ya ce ashirin, ranar Asabar wata zai ƙare. Ko na sayar da gadona da tukunyata ba za su kai ba.

Amma ba wannan ne ya kawo ni wajen tela tun bai buɗe shago ba. Yau da safe na tarar an yi wa albasata ban ruwa. Kunyata ta ƙarshe, ta bakin magudana, wadda ruwa ya zabge na ce sai gwiwata ta yi sauƙi, an tayar da ita. Ta karkata hagu. Yana raye bai taɓa tsallakowa ba, ko da kuskure. Ban sani ba, taimako ne, ko kunya ɗaya-ɗaya zai bi har ya cinye. Na san Bahago, yakan ba ka da hannu ɗaya yana lissafi da ɗayan. Amma na kuma san shi ne ya goya ni zuwa asibiti ranar da injin masaƙa ya kama mini ƙafa. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, tela ma ya ɗago kai.

Na juya baya kamar kullum, saran ya fara. Sai na yi abin da na rantse ba zan yi ba. Ban waiwaya ba, na ce, “Me kake so?” Fartanyar ta tsaya. Ba irin tsayawar jan numfashi ba. Tsayawar mutumin da ya dogara da ƙota yana jira ka ƙarasa. Na daɗe a tsaye, ban san me zan ƙara ba. Har na fito ba a ci gaba da saran ba.

Ke kina wajensa a daren ƙarshe. An gaya mini ya yi magana mai tsawo, ya kira sunana, kuma kin ce ba za ki faɗa wa wanda bai zo ba. Yanzu na fara zargin ba fushi kaɗai ya hana ki aiko katin ba, wani abu ya ce ki yi da shi. In ya ce a bar mini filin ne, ki faɗa, in san bashin da zan ci da wanda zan ci dominsa. In ya ce kada in taɓa samun sa, ki faɗa, in kwashe albasata in bar masa duka. Kwamiti ya ba ni lamba, ba amsa ba. Shi ya yi shiru yana saurare, ke kin yi shiru kina kallo. Ni ne babba a cikinku, kuma na gaji da magana da wadda ta ba ni baya da wanda na ba baya. Ki amsa mini kafin Asabar, ko da layi ɗaya ne, ko da zagi ne. In Asabar ta yi ban ji daga gare ki ba, zan tsallaka magudanar in shiga cikin waken nan in tambaye shi da kaina.

Allah ya bar zumunci, in akwai saura.

Yayanki.