Inda Fenti Ya Ƙi Kamawa

Batsari, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Mahfuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni da sauƙi, sai dai ƙafar nan da ba ta shiri da damina.

Sagiru mai fenti ya iso daga Safana da saƙonki. Na gane dabararki: tun da na ƙi bin ki Katsina, kina so aƙalla in daina zama cikin duhu. Kin san tun shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari muka toshe tagar ɗakin innarki da tubali, har ta rasu ba a buɗe ba. Ko da azahar sai da lalube. To, ya kankare baƙin hayaƙi, ya shafa fenti ruwan ɗorawa mai ƙarfi, ya rataya ƙwan sola fari fat. Ɗaki ya haska har idona yana ruwa.

Wuri ɗaya ne fentin ya ƙi kamawa: inda innarki take jingina bayan la'asar, ƙarƙashin ƙusar da take rataye carbinta. Siffar kanta da kafaɗunta ta fito sarai. Sagiru ya yi dariya, ya ce man shanun kitsonta ne ya ratsa ƙasar bangon shekara da shekaru.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Umaru Faruku

Batsari, ranar Laraba

Mahfuza,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramar?

Sagiru ya sake shafe wurin, ya bushe tas. Washegari da hantsi na kunna ƙwan, sai ga ta ta dawo. Amma ba ƙarƙashin ƙusar ba. Ta matsa wajen kusurwa, kamar kamu biyu. Na koyar da yara awo shekaru masu yawa, ba na kuskuren irin wannan. Na kira Sagiru ya duba. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya tafi ya bar buroshinsa cikin bokiti, har yau bai aiko a ɗauka ba.

Na yi addu'o'in da na sani. Ba tsoro nake ji ba, shi ne abin da ke damuna.

Naki,
Baba

Batsari, ranar Litinin

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara ɗaya bayan ɗaya. Na ji saƙonki cewa za ki zo da mota ran Juma'a ki tafi da ni.

Akwai abin da ba ki sani ba, don kina ƙarama. Innarki ba ta taɓa ce mini in zauna ba, kunya ba ta barin ta. In na shigo, sai dai ta matsa gefe a kan tabarma, ta bar mini wuri, ba ta ko ɗago kai.

Jiya bayan la'asar na zauna a wurin da ta bar mini, ƙarƙashin ƙusar. Bangon da ɗumi, alhali rana ba ta taɓa shi. Na daɗe ban ji ƙafata ta yi shiru haka ba.

Yau da safe na ga fentin da ke ƙarƙashin ƙusar ya fara duhu, daidai tsayin kaina. Ni kuwa kin san sanƙo gare ni, ban taɓa shafa wa kaina mai ba.

Ki zo ran Juma'ar, ina son ganinki. In kin tarar da ƙwan a kunne, kada ki kashe. Kada kuma ki bari kowa ya sake shafa wa bangon nan fenti.

Ki yafe mini, ni na yafe miki duniya da lahira.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Umaru Faruku