Takardar Da Kika Ce Ta Rigakafi Ce

Zuwa ga aminiyata Mairo,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma in ban faɗa miki ba, wa zan faɗa wa?

Wata uku ke nan da rasuwarki. Ruwa bai ɗauke ba a unguwarmu New Bell, lambatun ƙofar gidanku ya sake cika. Bilkina, 'yarki, ta shiga aji na gaba a lise, wato sakandare.

Mairo, shekara goma sha ɗaya duk takardar makaranta da ta shigo gidana ke nake kai wa, tunda ni Faransancina na ciniki ne a bakin kaskon ƙosai. Ki karanta, ki nuna mini wuri, in sa hannu. Ban taɓa tambayarki sau biyu ba.

Ran Litinin aka kira ni makaranta. Wata madam mai ba yara shawara ta tarbe ni tana ta mersi, wai ta gode da na yarda Bilki ta riƙa zuwa wurinta duk Laraba tun bayan hatsarin babanta a hanyar Yawunde. Na ce yaushe na yarda? Ta buɗe fayil. Ga sunana da ajami, da hannuna. Takardar nan ce ta bara, wadda kika ce mini ta allurar rigakafi ce. Har kina tsokanata ina sa hannu.

Shekara guda 'yar cikina tana zazzage wa baƙuwa cikinta, ni ina gida ina murna ta fara cin abinci, ina cewa rubutun malam ne ya kama. Na tambayi madam me take faɗa mata, ta ce sirrin yarinya ne. Sirri, a kaina ni da na haife ta!

Na san abin da za ki ce. Da kin gaya mini gaskiya da na hana, in ce ba a kai maganar gida waje. Haka ne. To sai me? Da kin zauna mun yi faɗa, ki zage ni yadda kika saba, in yi fushi kwana biyu in sauko. Kika gwammace ki mai da ni jaka. Haba Mairo!

An ba da takardar yarda ta bana. Jiya Bilki ta karanta mini ita da kanta, layi-layi, ba ta tsallake komai ba. Ta ajiye biro ta sunkuyar da kai. Na sa hannu. Wannan karon na san abin da na sa wa.

Ranar da aka fito da ke, na ce na yafe miki duniya da lahira. Ban san da wannan ba lokacin. Ba zan janye ba, kina wurin da kike buƙatar yafiyar. Amma ki ba ni lokaci zuciyata ta cim ma bakina.

Allah ya haskaka kabarinki.

Taki duk da haka,
Maman Bilki