Turaren da Ya Sa Malam Dariya

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya zafin Jidda? Mu nan Mandawari sai godiya.

Albishirinki, da mulki ya koma hannun farar hula an sako maigidana Malam daga kurkukun da sojoji suka tsare shi. Amma ya dawo ba ci ba magana, wai warin kurkuku ya ƙi barin hancinsa. Ranar Juma'a na fesa turaren nan mai tsada da kika aiko, wanda kika ce ya ci sunan wani lu'ulu'un sarakunan dā, na kai masa abinci. Ya shinshina ya ce, "Hauwa, wannan fure ne ko alewar madara?" Yaya, sai ya yi dariya! Har ƙarin tuwo ya nema.

Ki saka mu a addu'a idan kin je Harami. Ki gaida Alhaji.

Ƙanwarki,
Hauwa