Makin Rahama

Kalgo, ranar Talata

Zayyanu,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Inna da mutanen Gwandu.

Ba daɗi ne ya sa na ɗauki biro ba. Manhajar jera makin jarrabawa da ka rubuta wa makarantarmu, wadda na tsaya gaban hedimasta na ce ƙanena gwani ne, ta zubar mini da mutunci. Ɗalibai biyar na farko za mu tura makarantar kimiyya. Rahama, 'yar Malam Lawali na Diggi, ta ci ɗari cif, ni na duba takardarta da hannuna, amma sunanta ya fito can ƙarshe. 'Yata Ilham kuwa ta zo ta biyar. Jiya mahaifin yarinyar ya tsaya ƙofar aji yana cewa ni da kai muka haɗa baki. Ina jiran bayani.

Yayarka,
Hauwa

Gwandu, ranar Alhamis

Yaya Hauwa,

Na ga saƙo. Inna na gaishe ki. Yaya yara?

Ban cuci kowa ba, kuma ban ji daɗin yadda kika yi mini magana ba. Harshen kwamfutar da na yi aikin da shi, in an ce ya jera lambobi, jera su yake kamar kalmomi a ƙamus. Lambar farko yake dubawa. Ya ga 1 a farkon 100, 9 a farkon 90, sai ya ajiye ɗari a ƙasa. Ƙwararru ma suna faɗawa wannan ramin. Duk makin da kika ba ni na gwaji, babu ɗari ko guda. Kuskuren layi ɗaya ne a manhajar, na gyara.

Naki,
Zayyanu

Kalgo, ranar Lahadi

Zayyanu,

Gaisuwa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Wato laifina ne ke nan. To, na ji. Na hau mashin har Diggi, na durƙusa gaban Malam Lawali a gonarsa, na miƙa masa sabon jeri. Ya karɓa, bai ko dube ni ba. Rahama ce ta ɗaya yanzu. Ilham ta koma ta shida.

Har yau ban gaya mata ba. Ta ɗinka yunifom, ta rubuta sunanta jikin akwati. Kai take kira Kawu. Ka zo ranar Asabar ka yi mata bayanin ƙamus ɗin da bakinka.

Hauwa