Rijiyoyin da Na Cike

Roni, ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Mu'azzam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hafsatu da yara, da kuma aikin Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙafar nan tawa.

Tun shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano filin nan na bayan masallaci yake hannuna. A lokacin kana goye a bayan uwarka, Allah ya jiƙanta. Shekara talatin da 'yan kai ina korar awaki da masu sha'awar saye, don ranar da za ka ce za ka yi gini. Ranar ta zo, na yi murna. Sai ga Falalu ɗan ƙanena, wanda ka ɗora a kan aikin, da labarin wai ba za a sa ko diga ba sai wata yarinya ta zo daga Kazaure ta zana gidan a takarda.

Mu'azzam, ubana ya gina soronmu da tubali da yaɓe, bai san takarda ba, ga shi nan har yau ina kwana a ciki. Lauwali birkila ya gina rabin unguwar nan, ma'auninsa igiya da ido. Wai yarinyar tana da lasisi. Lasisin da na sani na direba ne. Ban yarda ba, kuma in ta zo zan gaya mata da bakina.

Malam Salisu tsohon hedimasta ne yake rubuta mini, zai ɗauki hoton wasiƙar ya tura maka. Na daina yi maka magana ta waya, domin da na fara sai ka ce "To, Baba, to, Baba," ka katse ni. Takarda ba ta katsuwa.

Ka gaida Hafsatu, ka shafa mini kan Sadiƙa da ƙanenta.

Ni ne mahaifinka,
Sama'ilu.

Roni, ranar Lahadi.

Ɗana Mu'azzam,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Sadiƙa? Na ji an ce ta yi zazzaɓi. Allah ya ƙara sauƙi.

Yarinyar ta zo. Sunanta Khairiyya. Na shirya mata magana tun daga gida, na tarar ta riga ni filin, tana zagayawa da takalmin roba. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa a daƙile. Na ce mata Injiniya, ta ce ita mai zanen gini ce, injiniya daban yake, tare suke aiki. Na ce duk kanku ɗaya ne, masu hana mutum gini da kuɗinsa. Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba.

Daga nan ta shiga tambaya. Ina ruwa yake bi in an yi mamako? Ta ina iskar damina take bugowa? Ta duba alƙibla don kada banɗaki ya fuskance ta. Ta ce ka ce a bar zaure, tana so ta san ko ina zama da baƙi da hantsi ko da la'asar, don ta san inda inuwa za ta faɗi. Sannan ta tsaya a tsakiyar filin, inda ƙasa ta ɗan lotsa, ta tambaye ni me aka taɓa yi a wurin kafin ya zo hannuna.

Mu'azzam, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Kai ma ba ka yi ba.

Marina ce. Rijiyoyin rini goma sha ɗaya ne a wurin, kowace in mutum ya shiga ya ɗaga hannu ba a ganinsa. Ina saurayi na ga marina a bakinsu da hannuwa shuɗi, na san sunan kowa da rijiyarsa. Da sana'ar ta mutu aka watsar da wurin, na saye shi. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na cike su, kuma ba da ƙasar kirki ba. Toka da ƙaiƙayi da sharar unguwa na zuba, na rufe da ƙasa kamu biyu, don in huta da ɗaukar amalanke. A raina ɗakin tubali za a ɗora, ban san ɗana zai so bene ba.

Na faɗa mata duka, kaina a ƙasa. Ta yi mini godiya. Ta sa aka haƙa inda na nuna. Ba a kai ƙugu ba ƙasar ta koma baƙa mai shuɗi-shuɗi, tana rugujewa a hannu kamar garin tuwo. Lauwali ya zira sandar ƙarfe, ta shige har ƙarshe ba ta taɓa komai ba.

Ta ce sai an gano sauran goman, injiniyanta ya auna ƙasar, sannan ta matsar da gidan gabas ta gyara zanen. In ba haka ba, ba za ta buga hatiminta ba, domin sunanta ne a kai, in gini ya faɗi ita hukuma za ta nema.

Abin da na ce a wasiƙar farko, ka bar shi a inda yake. Ban ce na tuba ba. Na dai ce yarinyar nan ta san aikinta.

Mahaifinka,
Sama'ilu.

Roni, ranar Juma'a.

Mu'azzam,

Bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni ba lafiya nake ba, amma ba ƙafa ba ce.

Falalu ya zo bayan an sauko daga masallaci, yana ta sosa ƙeya, ya ce kun yi waya, ka sallami Khairiyya. Wai damina ta matso, siminti yana ta tashi, ita kuma tana jan lokaci. Wai gobe Lauwali zai ja igiya ya fara haƙa harsashi a inda aka so tun farko, ramin da aka gano a cusa masa duwatsu a zuba kankare, shi ke nan.

Na ce masa sauran goman fa? Ya ce ai ɗaya aka gani. Lauwali kuma, a gaban jama'a a bakin masallaci, ya ce tsufa ya fara taɓa Baba, gobe ma sai ya ce akwai kogi a ƙarƙashin filin. Aka yi dariya. Na ce masa ranar da ubansa ya zame ya faɗa rijiya ta bakwai ina wurin, sati guda yana yawo da kunnuwa shuɗi. Aka ƙara yin dariya, amma wannan karon ba ni ake wa ba.

Ka saurare ni. Lauwali ya iya jera bulo, ban hana shi ba. Amma in bango ya tsage bayan damina uku, ina za ka same shi? Yana Daura ko Gwiwa yana wani aikin, zai ce haka Allah ya so. Falalu zai ce shi ɗan aike ne. Ita kaɗai ce a cikinku ta yarda ta sa sunanta a inda za a kama ta, ita kuma kuka kora.

Na ga zanen farko, ta nuna mini da yatsa tunda ba na karatu. Ɗakin da ka ce a yi wa Sadiƙa da ƙanenta, ginshiƙinsa a kan rijiyar Mele marini zai tsaya, wadda ta fi kowace zurfi. Ni na zuba ƙaiƙayin da ke cikinta. Kana tsammani zan zauna a zaure ina jan carbi, jikokina suna barci a kan sharar da na binne?

Malam Salisu ya ce in sassauta, kada in ɓata da ɗana. Na ce ya rubuta yadda na faɗa. Kuɗin ginin naka ne, ban taɓa su ba. Amma takardar filin har yau sunana take ɗauke da shi, kuma ba za a zuba ko kwano ɗaya na siminti ba sai yarinyar nan ta dawo da injiniyanta. In damina ta riske mu, ta riske mu. Ka yi fushi, ka daina aike, ka daina zuwa salla. Na fi so ka ƙi ni kana da 'ya'yanka.

Ka kira ta ka ba ta haƙuri. In nauyi kake ji, ni zan hau mota in je Kazaure in ba ta, ban fi ƙarfin haka ba.

Ka gaida Hafsatu, ka karanta mata wannan duka, kada ka tsallake komai. Allah ya yi muku albarka.

Gobe da na idar da asuba, kafin Lauwali ya iso da igiyarsa, zan ɗauki diga in tafi filin. Zan fara da ta Mele. Ni na cike su, ni zan tone su, ɗaya bayan ɗaya, har sai sun ƙirga goma sha ɗaya da idonsu.

Ni ne mahaifinka,
Sama'ilu.