Bayan Rumfar Shayi

Lahadi da dare, Catford

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Wata shida ina tashi kafin asuba saboda tseren nan na iyo da keke da gudu. A ruwa ni na zo na uku, don a kogin Binuwai na koya. Da na fito sai na ga Turawa suna tuɓewa a fili, ga mata tsaye, kowa na zura wandon keke. Na tsaya riƙe da tawul, na kasa. Sai da na zaga bayan rumfar shayi na canja. Da na dawo, kekena kaɗai ya rage.

Ko da na ƙarasa gudun, har an naɗe igiyar ƙarshen tsere.

Bulus, abokin zamana a gidan haya a nan Landan, ya miƙo min shayi ya ce, "Haba Malam, wa ya san ka a nan? Wa zai kai labari Yola?"

Maganar nan ce ta hana ni barci. Sa'o'ina sun koma gida, kuɗin mai ya ba su motoci. Ni shekara huɗu ina ɓoye jikina daga mutanen da ko kallona ba sa yi.

Kuma baɗi ma bayan rumfar zan zaga. Na san halina.