Barewar da Kika Ce Ta Tafi Yamai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Zara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, da fatan makwancinki ya yi sanyi. 'Yarki Mariyama ce. Jiya muka yi sadakar arba'in ɗinki a gidanki na unguwar Birni, cikin Damagaram, yau kuma na zo da tambayar da na kasa yi miki kina raye.

Inna, ina kika kai Baƙuwa?

Kin san wadda nake nufi: 'yar barewar da ƙishirwa ta koro bakin rijiyar Hamdara a shekarar babban fari, lokacin Baba ya tafi Kano cin rani. Kika ɗauko ta, kika tsaga mata kunnen hagu sau biyu, shaidar awakin gidanmu, don kada maharba su ce ba ta da mai ita. Mutane suka yi ta dariya, wai Zara'u awakinta sun ƙare ta koma yi wa namun daji shaida. Ina shekara tara, ni ce mai tsinto mata 'ya'yan gawo, kuma ba ta cin na hannun kowa sai nawa.

Sai ƙyanda ta kayar da ni. Da na miƙe na tarar da turke babu kowa. Kika ce ma'aikatan gandun daji sun zo da kamiyo, babbar motar kaya, doka ta hana riƙe naman daji a gida, sun kai ta gidan namun daji na Yamai inda ake ba su dusa safe da yamma. Kika ce, “Share hawayenki, ta fi mu morewa.” Na yarda, don ban taɓa jin kin yi ƙarya ba.

Amma Inna, wa ya ga kamiyon nan? A Hamdara in mota ta shigo, sai an yi wata guda ana labarinta. Na tambayi 'yan matan da muke ɗibar ruwa tare, babu wadda ta ji ko ƙararta.

Sai kuma romon nan da kika riƙa ɗura mini ina kwance. Kika ce Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ce ta aiko da naman akuya. Wace akuya, a shekarar da anza, 'ya'yan itacen nan mai ɗaci, muke jiƙawa kwana da kwanaki kafin ta ciyu? Kuma ke da kike ɗanɗana kowace miya kafin ki ba yaro, wannan ba ki taɓa kai shi baki ba.

Da na je Yamai karatun malanta, ranar hutuna ta farko gidan namun dajin na nufa. Na tsaya jikin waya ina leƙa kunnuwan bareyi ɗaya bayan ɗaya, har wani dattijo mai kula da su ya tambaye ni abin da na ɓatar. Na gaya masa. Sai ya ce, “'Yata, a shekarar nan na hannunmu ma da ƙyar muka riƙe su. Ban tuna an kawo mana wata daga Damagaram ba.”

Da na dawo na ce miki na gan ta, ta yi ƙiba har ta haihu. Ni ma na iya, kin gani. Kika ce madalla, kika tashi da sauri wai tukunya za ta ƙone, alhali ko wuta ba a hura ba.

Shekaranjiya muna kwashe kayanki na buɗe kwallar nan ta can ƙasa, wadda kike hana kowa taɓawa. A ciki akwai ɗankwalina na yarinta a ƙulle, cikinsa ƙahoni biyu sirara, ɗayan da ɗan ɓalli a tsini inda ta taɓa sukar katanga. Na nuna wa Gwaggo Ladi, sai ta hau neman takalmanta. Masu kai dabba gidan namun daji ba sa barin ƙahoninta a gida, Inna.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Sai na tuna ke kaɗai ce a gidan, rumbu babu tsaba, ga 'ya a tabarma ba ta ko iya ɗaga kai. Da hannun da kika yi mata shaida kika riƙe ta aka yanka, sannan kika ajiye ƙahonin nan shekara da shekaru ba ki da wanda za ki yi kukan tare da shi. Da kin gaya mini, Innata, da mun yi shi tare.

Allah Ya gafarta miki wannan ƙaryar da tawa, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Kausara. Ƙahonin suna wurina, na mayar da su cikin ɗankwalin yadda kika ƙulle su.

Taki har abada,
Mariyama, wadda ta sha romon ta tashi